Masarar Abiti Ajasi a Kogon Kuka

Watan Maris ne, lokacin da ruwa ya kamata ya fara sallama a bakin tafkin Malawi, amma a shekarar nan ya ƙi tafiya. Ruwa ne mai ɗumi, ba iska, yana zuba kamar ba shi da wurin zuwa. Daga bakin tafki har ƙauyukan kan tudu maganar ɗaya ce: masara na tsiro a jikin kara, kifi na ruɓewa a wurin shanya, tufa ba ta bushewa sai dai ta yi wari.

Abiti Ajasi mijinta ya rasu, rumbunta ya zube, rufin ɗakinta kuwa yoyo yake kamar rariya. Abin da ya rage mata 'ya ɗaya, Lukia, da masarar da suka karya da hannunsu. A bayan gidan akwai tsohuwar kuka mai kogo, cikinsa busasshe ƙayau, inda tsofaffi ke ajiye ƙwaryar garin sadaka su juya ba waiwaye. Ta share kogon, ta fitar da ƙwaryar, ta jibge masararta a ciki. Maƙwabta suka riƙe baki. Ta ce ita yunwa kaɗai take tsoro.

Da magariba, ana tuƙin tuwo, dutse ya faɗo tsakar gida. Abiti Ajasi ta ɗauka ta ji shi a bushe, da ɗuminsa, alhali ko'ina a jiƙe yake. Wani ya biyo, wani ya fasa tukunya. Kwaɗi suka yi tsit. Lukia ta saki muciya, ta rarrafa lungu ta dunƙule, ta ɗago ido ta dubi uwarta kamar ba ta taɓa ganinta ba.

"Na jiƙe," in ji ta, da muryar tsoho.

Gaban Abiti Ajasi ya faɗi, amma ba ta yi kururuwa ba. Kullum magariba sai jifa, yarinyar ba ci ba sha, har uwar ta aika aka kira Shehe Mkwanda, malamin da ke karantarwa a masallacin ƙauye. Ya zo da jiƙaƙƙiyar riga, ya kunna turare, ya yi ta karatu har yarinyar ta fara gurnani.

"Wane ne kai? Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi ba. Uwarta ta kore ni daga ɗakina, ruwa na dukana, na shiga inda na samu. A fitar da masara, ko in zauna nan har yarinyar ta ƙare."

Shehe ya juya, murya ƙasa-ƙasa. "Abiti, fitar da masarar. Rai ya fi hatsi."

"Allah gafarta Malam, in ta kwana a waje ta ruɓe, me yarinyar za ta ci? In karɓo ta daga hannunsa in miƙa wa yunwa?" Ta matso har gwiwarta ta taɓa ta 'yarta. "Kai, tsoho! Wane ne bai jiƙe ba a ƙasar nan? Kai kaɗai ruwa ya daka? Masara ba ta fita, 'yata kuma ba masauki ba ce. Ga ɗakina, na bar maka har ruwa ya ɗauke."

Muryar tsohon ta sake fitowa daga bakin Lukia.

"Ɗakinki yoyo yake."

"Haka muke kwana a cikinsa, mu da muke da jini a jika."

Shehe ya sa tsohon ya rantse da Wanda ya halicce shi: ba jifa, ba komowa jikin kowa. Lukia ta yi atishawa, ta sulale. Ƙofar ɗakin ta rufe kanta a hankali.

"Inna," in ji yarinyar da muryarta, "yunwa nake ji."

Sai a lokacin Abiti Ajasi ta fashe da kuka. Ta ɗumama mata tuwo, ta shimfiɗa musu tabarma a madafa, gefen murhu. Daga cikin rufaffen ɗakin ana jin ruwa na ɗiga, da wani dogon nishi na tsoho. Ta tashi ta ɗauko tsohon kwano, ta buɗe ƙofar kaɗan, ta tura shi da ƙafa.

"Ungo, tara. Idan ya cika, kai da kanka za ka zubar."