Kwanon Da Aka Kife Kan Katanga

Ranar da aka kori Salima daga ɗakin da take zaune a Kaura Namoda, rana ta take tsaka, ɗiyarta Fauziyya na goye jikinta zafi rau, matan layin kuwa kowace ta laɓe a zaurenta tana leƙe, ba wadda ta ce mata sannu. Kayanta ƙulli ɗaya ne tak. Amma wallahi korar ba ta ƙona mata rai kamar kwano mai jan murfi da ke cikin ƙullin ba.

Bara ta zo daga Kurya Madaro, bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta a gona. Ba ta san kowa ba, ba wanda ya san ta. Maƙwabciyarta Kulsumu, matar Zubairu direban hanyar Shinkafi, ita ta fara miƙo mata tuwon dawa ta saman katanga, da 'yar tsokar nama a kai, ta ce, "Wagga ta Fauziyya ce." Salima ta wanke kwanon ta sa dawon fura uku ta mayar, don ba a mayar wa mutum kwanonsa haka nan. Shi ke nan fa. Kwano ya je ya dawo, gaisuwa ta zama hira, hira ta zama kukan da ake yi tare, har aka manta kwanon na wa ne, har Salima ta koma kiran Kulsumu Yaya.

Fura ce sana'arta, kuma hannunta da daɗi. Nono take saye wurin wata tsohuwar Bafulatana, irin waɗanda yanzu mutane ke kau da kai idan sun gan su. Ita kuwa Salima, baiwar Allah, ta taso a ƙauye inda ake shimfiɗa wa mai nono tabarma, don haka takan ce, "Inna, shigo ki sha ruwa," su zauna suna hira. Kuskurenta ke nan a duniya. Saudat, mai furar bakin tasha da masu sayenta suka ragu, tana kallo tana ajiyewa a ciki.

Sai aka tare motar Zubairu aka shige daji da shi. Kwana biyu ba a yi ba Saudat ta shiga gidan Kulsumu da guntun hawayenta. "Ke kaɗai ce ba ki sani ba. Wa ka sanin fitar mijinki in ba wadda kike hira da ita kullum ba? Wa ka shigo da 'yan daji gida?"

Da la'asar Salima ta miƙa kwanon da fura, don ta san Kulsumu ba ta iya cin komai. Can ta ji ƙarar ƙarfe. Ta ɗaga kai, ga kwanon a kife kan katanga, furar na bin bango.

"Yaya... mi na yi miki?"

"Ba ni da ƙanwa. Ki je, ke da Allah."

Daga nan komai ya bi ta kanta. Furarta ta riƙa tsami a ƙwarya ba mai saye. A rijiya mata suka riƙa janye gugansu. Mai gida ya ce ta fita kafin a ƙona masa ɗaki. Ta raɓa a wani kango bayan gari, babu ƙofa babu rufin kirki, zazzaɓin Fauziyya na ƙaruwa. Ranar Laraba yarinyar ta buɗe ido ta ce, "Umma, yau Goggo Kulsumu ba ta aiko ba?" Kafin azahar ta cika. Maza uku suka kai ta, mace ko ɗaya ba ta zo gaisuwa ba. Salima ta ɗaga hannu tana hawaye: "Ya Allah, Kai ka sanin abin da ke ɓoye. Ban roƙe Ka sharrin kowa ba, Ka wanke ni kawai..."

Bayan wata biyu Zubairu ya dawo, ƙafafu a kumbure, mutane suka cika tsakar gida. Ya ce gudowa ya yi, ya faɗi kusa da wata ruga, wata tsohuwa ta ɓoye shi kwana huɗu tana ba shi nono. "Da na ce daga Kaura nike, sai ta ce ko na san Salima mai fura, wadda ka ba ta ruwa. Ta ce saboda ita ba za ta bari in mutu ba." Ya juya ya dubi Saudat da ke cikin taron. "Wanda ya hwaɗa musu fitata kuwa, na ji muryarshi a wayarsu har sau uku. Atiku ne, ɗan kamashon tasha."

Atiku mijin Saudat ne. A ranar jami'an tsaro suka tafi da shi, Saudat kuma ta bar garin da kaya a ka, ta bi layin nan da aka kori Salima, ba mai ce mata sannu.

Kulsumu ko mayafin kirki ba ta ɗauka ba ta nufi kangon. Ta zube a ƙasa ta kama ƙafar Salima. "Na cuce ki, ƙanwata. Ki yafe mini... ina Fauziyya?"

Salima ta dube ta. Sannan ta nuna hanyar maƙabarta da hannu. "Ta tambaye ki, Yaya."

Kukan da Kulsumu ta yi, har maƙwabta sai da suka fito. Salima ce ma ta ɗago ta, ta kwance ƙullinta ta ciro kwanon, ta sa dawo ɗaya da ya rage mata ta miƙa. "Na yafe. Riƙe, ba a mayar da shi haka nan."

Zubairu ya ba ta ɗaki a gidansa, masu sayen fura suka dawo har layi suke yi, matan da suka janye guga suka zo ɗaya bayan ɗaya kai a ƙasa. Ran farko da Kulsumu ta zuba mata tuwo a kwanon nan, hannunta ya yi abin da ya saba, ya ɗora 'yar tsoka a kai. Sai da ta rufe murfin ta tuna babu mai cin ta.