Muryar Baba Ɗantsoho a Cikin Waya

A garin Zango akwai wani yaro ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare. Yana da kai sosai wajen na'ura. Da yayansa zai tafi karatu Katsina, sai ya bar masa tsohuwar waya. A cikin wayar akwai wasan ƙwallo, wanda yara ke kira gem.

Abu ɗaya ne ba ya so a wasan. Mai sharhin da ke ciki Turanci yake yi, da sauri kuma. Yaron ba ya jin ko rabin abin da yake faɗa.

Wata rana Malam Ikrima, mai koyar da kwamfuta, ya nuna wa aji yadda ake yanke murya. Ana ɗaukar magana a waya. Sai a buɗe ta a wata manhaja, a ga muryar ta zama zane mai tudu da kwari. A yanke inda ake so, a ajiye.

Yaron ya ɗaga hannu.

"Malam, muryar da ke cikin gem fa? Ita ma ana iya canza ta?"

"Ana iyawa," in ji Malam Ikrima. "Kowane sauti fayil ne. Ihun 'yan kallo fayil ne, usur ɗin alƙalin wasa ma fayil ne. Amma ka riƙe wannan. Kada ka ɗauki muryar kowa sai ka tambaye shi."

Yaron ya riƙe rabin farko na maganar. Rabi na biyu ya baro shi a aji.

A unguwarsu akwai mai shela, sunansa Baba Ɗantsoho. Shekara talatin yana wannan aiki. Idan yaro ya ɓata, shi ne zai faɗa. Idan za a yi rigakafi ko aikin gayya, shi ne zai faɗa. Yana bin lungu-lungu a kan keke, da lasifika ɗaure a gaba. Kullum da kira ɗaya yake farawa: "Jama'a! Jama'a! A saurara, a saurara!"

Matan da ke cikin gida ba sa ganinsa. Muryarsa kawai suke ji ta saman katanga. Da sun ji, sai su ajiye taɓarya, su tura yaro ƙofar gida ya jiyo musu.

Ran nan Baba Ɗantsoho ya tsaya kusa da gidan su yaron yana shela. Yaron ya laɓe a zaure, ya ɗauki muryarsa a waya. Bai tambaye shi ba. Ya yanke kiran farkon nan, ya goge kukan wani zakara da ya shiga ciki, ya ƙara masa ƙarfi. Sannan ya sa shi a madadin ihun cin ƙwallo.

Ya gwada. Da ƙwallo ta shiga raga, sai wayar ta ce, "Jama'a! Jama'a! A saurara, a saurara!"

Abokinsa Kalilu ya yi dariya har da faɗuwa.

"Kai, tura min! Don Allah tura min!"

Ya tura masa. Kalilu ya tura wa wasu, su ma suka tura wa wasu. Kafin mako ya zagayo, kowace inuwa a unguwar akwai yara masu buga wasan. Wasu har da ƙaramar sifika suke haɗawa.

Innar yaron tana tankaɗe sai ta ji kiran.

"Kai, leƙa ka jiyo mana. Baba Ɗantsoho na shela."

Yaron ya fita, ya dawo. "Inna, ba kowa."

"Ba kowa kamar yaya? Na ji shi da kunnena!"

Ya san gaskiya sarai. Kalilu ne ya ci ƙwallo a bayan katanga. Amma ya ɓoye mata.

Haka aka yi ta yi a kowane gida. A rana sai a ji kiran sau goma, a fita, ba a ga kowa ba. Mata suka fara magana a tsakaninsu.

"Tsufa ya kama Ɗantsoho," in ji wata. "Sai ya ce a saurara, sannan ya manta abin da zai faɗa."

"Ni na daina tura yaro," in ji wata. "Tuwona ya ƙone sau biyu saboda shi."

Dubi wannan rashin adalci. Mutum bai yi komai ba, ana ta yi da shi.

Sai damina ta kusa. Ranar Talata aka aiko wa Mai Unguwa Amadu cewa za a raba takin zamani washegari da safe, a filin firamare. Ya kira Baba Ɗantsoho. Tsohon ya hau kekensa, ya bi kowane lungu cikin rana, ya yi shela kamar yadda ya saba. A lokacin maza suna gona suna sharar fili. Matan cikin gida suka ji kiran farko, suka ci gaba da aikinsu. Ba wadda ta tura yaro.

Washegari mutum shida ne kawai suka je daga unguwar. Sauran unguwanni suka karɓi nasu. Motar taki ta koma da sauran rabon unguwar su yaron.

Da la'asar Baban yaron ya shigo gida ransa a ɓace.

"Mun rasa taki," ya ce. "Wai an yi shela jiya. Kin ji?"

"Na ji ya ce a saurara," in ji Inna. "To ai kullum haka yake cewa, ba ya faɗar komai."

"Mai Unguwa ya karɓe lasifikar. Ya ce ya je ya huta, za a nemi wani. Na gan shi yana tura kekensa zuwa gida. Ko kallon mutane ba ya iya yi."

Yaron yana zaune da kwanon tuwo a gabansa. Ya kasa kai loma baki.

"Lafiya?" in ji Inna. "Ko cikinka ne?"

"Inna, ba laifin Baba Ɗantsoho ba ne. Ni ne."

Ya ɗauko wayar, ya buɗe wasan, ya ci ƙwallo ɗaya. Muryar ta cika tsakar gida.

Inna ta riƙe baki. Baba ya juyo gare shi.

"Ka tambaye shi kafin ka ɗauka?"

"A'a, Baba."

"Da innarka ta aike ka, ka san daga ina muryar take?"

"Na sani."

"To laifi biyu ke nan. Sa takalminka."

Suka tafi ƙofar gidan Mai Unguwa. Baba ya roƙa a kira Baba Ɗantsoho da dattawan unguwa. Da suka hallara, yaron ya durƙusa, ya kunna wasan a gabansu.

"Ikon Allah!" in ji Mai Unguwa. "Ɗantsoho, ga ka a zaune, ga ka kuma a cikin waya!"

"Ranka ya daɗe, na rantse muku ban yi ba, aka ce na ruɗe," in ji Baba Ɗantsoho.

"Baba Ɗantsoho, ka yi haƙuri," in ji yaron. "Wasa na ɗauke shi."

"Na ji haƙurinka, ɗana. Amma gaya mini, a waya nawa nake yanzu?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Ban sani ba."

"To je ka sani. Muddin ina cikin wayoyin nan, ko an mayar mini da lasifika ba mai saurarona."

Mai Unguwa ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne. Lasifika za ta zauna a nan. Na ba ka mako guda, yaro. Ka fitar da shi daga kowace waya."

Washegari yaron ya ɗauki takarda da biro. Ya tambayi Kalilu wa ya tura wa. Ya tambayi waɗannan su ma. Waya ashirin da uku ya lissafa. Amma da ya ce a goge, sai aka ƙi.

"In na goge, Baturen nan zai dawo," in ji wani. "Ni ba na jin abin da yake faɗa."

"Kai ka kawo, yanzu kuma ka ce a goge? Tafi can!" in ji wani.

Kwana biyu suka wuce, mutum huɗu kawai suka yarda. Yaron ya je wurin Malam Ikrima, ya faɗa masa komai.

"Me na gaya maka a aji?" in ji Malam.

"Ka ce in tambaya."

"Ashe ka ji. To zauna. Ba za su goge ba sai ka ba su abin da ya fi shi daɗi. Idan sabon fayil yana da suna ɗaya da tsohon, da an saka shi zai hau kansa, tsohon ya tafi. Ka yi sabo. Wannan karon ka yi shi daidai."

Yaron ya tsaya a gaban aji, ya ce yana neman muryoyi. Ya faɗa musu inda zai sa su, da wanda zai ji su. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Wata 'yar ajin, Zubaida, ta ce ita ba ta so, aka ƙyale ta.

Bayan an tashi suka rufe tagogi don kada ƙarar babura ta shiga. 'Yan aji suka yi ihun 'yan kallo. Wani ya buga jarka a madadin ganga. Kalilu ya zama mai sharhi.

"Ta shiga! Ta shiga! Gola ya tafi sayen ƙuli-ƙuli!"

Har Malam Ikrima sai da ya dara.

Yaron ya kwana biyu yana yankewa yana daidaitawa bayan makaranta. Da ya gama, ya bi takardarsa. Wannan karon ba wanda ya ƙi. Shi da kansa yake saka sabon fayil, ya ci ƙwallo ɗaya don ya tabbatar, sannan ya soke sunan. Waya ta ƙarshe tana garin Mai'adua, wurin ɗan kawun Kalilu. Baba ya ɗauke shi a babur suka je.

Ranar da mako ya cika, ya kai wa Mai Unguwa takardar. Duk sunayen a soke.

"Madalla," in ji Mai Unguwa. Ya miƙa wa Baba Ɗantsoho lasifikarsa. "Ka yafe mana, mu ma mun yi gaggawa. Ga aiki nan ma. Na je na yi bayani, an yarda a dawo da takinmu ranar Litinin."

Baba Ɗantsoho ya karɓa, amma bai hau keke ba.

"Saura abu ɗaya, ranka ya daɗe. Dattawa sun san gaskiya. Matan cikin gida fa? Su ne suka ce na ruɗe."

Baban yaron ya dubi ɗansa. Yaron ya gane.

Suka fita tare, tsoho yana tura keke, yaro yana gefensa. A lungun farko Baba Ɗantsoho ya miƙa masa abin magana. Yaron ya karɓa, ya yi magana da ƙarfi.

"Iyayena mata, ni ne ɗan gidan Malam Abbas. Kiran da kuka riƙa ji ba Baba Ɗantsoho ba ne. Ni na ɗauki muryarsa ban tambaye shi ba, na sa a waya. Na cire ta yanzu. Daga yau in kun ji shi, shi ne."

Wata tsohuwa ta ɗaga murya daga bayan katanga. "Ashe kai ne, ɗan nema! Ka ƙona mini tuwo sau biyu!"

Lungu goma sha ɗaya suka bi. A kowane lungu sai da ya maimaita. Bayan ya gama, Baba Ɗantsoho ya karɓa ya yi shelar taki. Yara suka riƙa fitowa daga zaure suna saurare, suna komawa da gudu.

Ranar Litinin filin firamare ya cika. Kowane gida ya samu takinsa. Baba Ɗantsoho ya ci gaba da aikinsa, yaron kuma ya ci gaba da gyaran sautin wasanni. Amma kafin ya danna waya, sai ya ce, "Ka yarda in ɗauka?"

Yara, muryar mutum tasa ce. Kada ku ɗauka sai da izininsa. Idan kuma kun ɓata wa wani suna, ba da haƙuri kaɗai bai isa ba. Ku bi duk inda ɓarnar ta kai, ku gyara.