Wa Ya Ɗauki Duwatsun Keita?

"Balki, mi ya kai ki?! Mi ya kai ki, don Allah?"

Mahfuzu ko kashe babur bai yi ba. Balki ta tsaya a ƙofar gidansu, ta riga ta san zancen. Saura kwana tara a ɗaura musu aure.

Wani bidiyo ne ya jawo. An nuna Malam Kalla, mahaifin Mahfuzu, tsaye cikin itatuwan da aka dasa da duwatsun da aka jera don tare ruwa a tsaunin Keita, yana cewa su mazan jiya ne suka rayar da ƙasar nan da ƙarfinsu. Balki kuwa bakinta ba ya da linzami. Tana gani ta aika wa ƙawayenta wokal, wato saƙon murya, tana dariya: "Baba dai inuwa ya sha! Mata sunka ɗauki duwatsun ga, har da uwata!"

Ƙawaye huɗu ta tura wa. Kafin la'asar ana sauraren muryarta har a kasuwar Bouza.

"Wasa nika yi, masoyina..."

"Da tsohona? Ya ce ki taho ki durƙusa, ki ce ƙarya kinka yi. In ba haka ba, babu aure!"

"Dariyar laihi ce, na yarda. Amma ƙarya? Kai ka san innata ta rasu wuyanta ba ya juyawa saboda ɗaukar dutse."

Muryarsa ta karye. "Kalma guda ce, Balkina... Kar ki sa in rasa ki."

Ta hau bayan babur ɗin, suka nufi gidan su Mahfuzu. Tana son yaron nan kamar ranta, ita ma ta sani.

Malam Kalla na zaune a kan tabarma, fuska ba annuri. Matarsa Inna Mariyatu na gefe tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba. Balki ta zube.

"Baba, ka gafarce ni. Na yi rashin kunya."

"Na ji. Saura guda."

Ta kalli Mahfuzu. Idanunsa roƙonta suke yi. Ta buɗe baki, kalmar ta ƙi fita, sai hawaye.

"Ba ni iyawa, Baba..."

"To, tashi ki tahi gida!"

Ta yunƙura ke nan ta ji an dire tiren wake. Inna Mariyatu, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya a gidan ba, ta kwance ɗankwalinta a gaban ɗanta da baƙuwa. Tsakiyar kanta fayau, ba gashi ko ɗaya.

"Inna!" Mahfuzu ya sunkuyar da kai.

"Duba dai, ɗana. Shekara shidda gammo da dutse sunka ci wurin ga. Da cikinka nika hawan tsaunin." Ta juya ga mijinta. "Malam, kai aka bai wa shugabancin shantiye, wurin aikin duwatsun, kai ka kiran sunayenmu kullum da sahe. Maza nawa ka kira?"

"Mariyatu, gaban yara?"

"Maza sun tahi cin rani, ba laihinsu ba ne. Amma ni ma na ga bidiyon, kuma na yi kuka ban gaya ma kowa ba. In ɗiyar ga ta yi ƙarya, to kaina ma ƙarya ne."

Balki ta tsorata ƙwarai, ta ga kamar aure biyu ta kashe a yini ɗaya.

Malam Kalla ya daɗe yana kallon kan matarsa. Can ya ɗauki ɗankwalin daga ƙasa, ya kaɗe, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Mahfuzu, kunna abin ɗaukar hoton nan naka."

Mahfuzu ya ɗaga wayar ya kunna. Tsohon ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya fara kira da ƙarfi kamar yadda yake yi shekaru talatin da suka wuce.

"Mariyatu Yaro!"

"Na'am," in ji ta a hankali.

"Bushira ta Tama! Asiya Mahamud!"

Na ƙarshen nan sunan mahaifiyar Balki ne. Ba wanda zai amsa.

Malam Kalla ya dube ta, idonsa jawur. "Amsa mata, surukata."

"Na'am, Baba!" Balki ta fashe da kuka.