Tabon Haɓar Falmata

"Kada ka ƙara ce mini rabin ranka, Hadi!"

Falmata ta dire tulunta a bakin rijiyar Toranke, har ruwa ya fallatsa masa a wando.

"Ki saurare ni mana..."

"Ai duk Gaya ta saurare ka ran Talata!"

Hadi shi ne tafintan majigi. In an kafa farin ƙyalle, Turawan ciki su yi maganarsu, shi kuma ya mayar da ita Hausa ta lasifika. Ran Talatar nan, bayan nuna noman gyaɗa, Di'o, Baturen mulki, ya sa aka ƙara da wani tsohon fim mai magana: attajirin Bature a gidan bene, yana roƙon 'yar manya ta aure shi.

"Turancinsu ta hanci ne, ga sauri, ga ƙarar inji," in ji shi. "Ko kalma ban kama ba. Hakimi na zaune. Baturen fim ya durƙusa, bakinsa na motsi. In yi shiru a kore ni?"

"Shi ne ka ɗauko tawa!"

"Ita kaɗai ce maganar so da na sani."

"Wai 'tabon nan na haɓarki ya fi mini gonakin Gafasa'! Baturiya tabo gare ta? Bature ya san Gafasa?"

Ya sunkuyar da kai. Har yanzu yana jin muryar Barau, ɗan kawunta da ta ƙi bara, lokacin da ya miƙe cikin taro: "Wallahi Falmatar Goni ce!" Fili ya kaure da dariya.

"Baba Goni, mai izu sittin a ka, yara na bin sa da 'gonakin Gafasa'. Ni kuwa ko kasuwa na shiga, haɓata ake leƙe."

"Na ji an mayar da goron sa ranarmu. Zan turo manya, su ba shi haƙuri."

"Baba ya haƙura tun jiya."

Hadi ya ɗago da sauri.

"Ni na ce a mayar."

"Falmata... don Allah!"

Ta ja mayafi ta rufe haɓarta, ta ɗora tulu. Ta dube shi, idonta a bushe.

"Sau ɗaya ka faɗa mini, a zauren gidanmu, ko ƙawata ban gaya wa ba. In na shiga ɗakinka, Hadi, me za ka ce mini wanda Barau bai riga ya ji ba?"