Rimot ɗin Ɗakin Sanyi

Da hantsi rahoton ya iso caji ofis: an yi sata a wani kamfanin haɗa manhajojin kwamfuta. Sufeto ta bar shayinta a kan tebur ta tafi.

Manaja ne ya tarbe ta, yana share zufa.

"Me aka ɗauka?"

"Wani baƙin akwati, ranki ya daɗe. Aikin rajistar marasa lafiya da muke yi wa wani asibiti yana ciki. Gobe za mu nuna musu."

"Ba ku da kwafi?"

"Akwai, a ƙaramin akwati. Shi ma an haɗa da shi."

"Ma'aikatanka na jituwa?"

"Kamar 'yan ɗaki ɗaya."

Ya kai ta wajen Injiniya, matar da ke jagorantar aikin. Idanunta sun yi ja. Ita ta buɗe ɗakin da na'urorin suke, wanda suke kira ɗakin sanyi. Zafi ne ya bugi fuskar Sufeto.

"Wannan ne ɗakin sanyin?"

"A kashe na tarar da na'urar sanyaya ɗakin, Hajiya. Kuma ba ma kashe ta, injinan ba sa son zafi. Rimot ɗin ma na neme shi na rasa, na hau kujera na kunna ta da hannu yanzun nan."

Sufeto ta duƙa. Wayoyin da aka cire an naɗe su tsaf. Ga sababbin kwamfutoci a jere, ko taɓa su ba a yi ba. Ɓarawon waje ba ya tsayawa naɗe waya.

"Idan gobe ta yi babu akwatin fa?"

Injiniya ta sunkuyar da kai. "A soke aikin. A mayar da mutanena ƙarƙashin Gaggawa, ni kuma a sallame ni."

"Wane ne Gaggawa?"

"Shi ke riƙe da aikin manhajar sayar da tikiti. Duk abin da ya kawo sai ya ce na gaggawa ne, shi ya sa sunan ya bi shi. Mutanen nan ɗaya ne, ayyuka biyu. Da safe Manaja ya ce a bi nawa, da rana Gaggawa ya shiga ofishinsa, da yamma a ce a bi nasa."

Sufeto ta kalli Manaja. Ya mayar da idonsa kan silin.

Gaggawa na zaune a teburinsa, da rigar sanyi a jikinsa, ga hankici a hannu. Ya miƙe da fara'a.

"Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Wallahi abin ya taɓa ni. Ƙanwata ce fa, tare muka fara aiki."

"Kana da makullin ɗakin?"

"Duk shugabannin aiki suna da shi. Amma ni rabona da ɗakin nan har na manta. Sanyi ba ya yi da ni, da na shiga sai mura."

"Jiya yaushe ka tashi?"

"Tare da kowa."

Maigadi kuwa ya ce Gaggawa ne na ƙarshen fita, kuma hannunsa babu komai. Ke nan akwatin bai bar ginin ba.

Sufeto ta bari ɗakin ya ɗau sanyi sosai, sannan ta kira su ukun ciki, ta rufe ƙofa.

Ta dubi Gaggawa. "Malam, kai ne tsohon hannu a nan. Yi mini bayanin wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Ni kaina ba ya ɗaukar abin kwamfuta da wuri."

Ya fara. Ta ce ya maimaita. Ya yi atishawa, ya ci gaba, ta sake cewa ba ta gane ba. Atishawa ta biyo atishawa, idanunsa suka kawo ruwa. Yana cikin magana ya miƙa hannu can saman kabad, bayan wani kwali, ya zaro rimot ya danna. Na'urar ta yi shiru.



"Tun safe ake nemansa," in ji Sufeto a hankali. "Kai da ka manta rabonka da ɗakin, wa ya gaya maka inda yake?"

Gaggawa ya kalli abin da ke hannunsa.

"Ina akwatin?"

"Yana maƙabarta," ya ce da ƙyar.

"Ɗakin da muke tara matattun kwamfutoci," Manaja ya yi saurin fassarawa.

"Ban lalata komai ba, na rantse. So nake goben nan ta wuce kawai, a ba ni mutanen. Ni ma an matsa mini lamba. Kullum sai a ce in jira."

"Yaya," in ji Injiniya, "da ka tambaye ni mana."

An samo akwatunan biyu a ƙarƙashin tsofaffin allunan kwamfuta, a lulluɓe da leda don kada ƙura ta shiga. Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya riƙe hannun Gaggawa suka sauka, yana ta atishawa har mota.

A bakin ƙofa Sufeto ta juyo ga Manaja. "'Yan ɗaki ɗaya, ko? Daga yau ka riƙa faɗin magana ɗaya daga safe har yamma."

Washegari da safe ta biyo don Injiniya ta sa hannu a bayaninta. Ta same ta a ɗakin sanyi, ta ɗaure rimot da igiya a jikin ƙusa. Injiniya ta sa hannu a tsaye, ta rungumi baƙin akwatin, ta wuce asibiti.