Asu a Bakin Rumbun Kaltuma

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da labari ya iso Tanut: an fasa rumbun Kaltuma a Gangara, an kwashe geron irin da ta ɓoye. Mijinta ya rasu bara, ga marayu. In ruwa ya sauka ba ta shuka ba, shekara ta wuce ta.

Insifekta Attahir ya iso Gangara rataye da akwatin ɗaukar hoto, abin da jandarmomi ke yi masa dariya a kai.

"Wa kike zargi, Inna?"

"Ni dai Allah nake kai wa ƙara, ɗana."

Maƙwabcinta Audi, mai sayen fatu, ya yi caraf ya ce, "Aghali makiyayi ne, ranka ya daɗe! Da idona na ga raƙuminsa."

Aghali ya rantse cewa a lokacin yana can bakin rijiya. Insifekta ya ɗauki hotunan ramin da ɓarawo ya huda a jikin rumbun.

Da aka wanko su a Damagaram, sai ya ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu fiffike manne a bakin ramin. Shi ɗan manomi ne, amma bai taɓa ganin irinsu a hatsi ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya kai wa malamin gona hotunan, suka duƙufa da gilashin ƙara girma.

"Wannan ba ya cin gero," in ji malamin. "Asu ne, mai cin gashin busasshiyar fata."

To fa! Dabbobin Aghali dai da ransu suke yawo.

Insifekta ya koma Gangara, ya zarce zauren Audi, ya daki tarin fatu da sanda. Asu suka tashi fuu. A ƙarƙashi kuwa, ga taiki biyu cike da gero.

"Nawa ne! Na saya!"

"Wurin wa?"

Audi ya sunkuyar da kai. "Fata na shimfiɗa a bakin ramin don kada tsaba ta zube a bi sawuna."

"Ka yi wayo, ƙwaro ya fi ka," in ji Insifekta. Jandarma ya tasa shi gaba.

Kaltuma ta tsoma hannu cikin geron tana hawaye. "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Aghali ya ɗora mata taikin a raƙuminsa. Kafin su kai ƙofar gida, yayyafi ya fara.