Kiran Shanun Baffa

"Kamilu, duk waƙoƙin da ad duniya, kiran shanun Baffa kak kai musu?!"

Maryama ce ke faɗa a bakin tashar Tambuwal, ko mayafinta ba ta gyara ba tun saukarta daga babur ɗin Kebbe.

Jiya Kamilu, saurayinta, ya dawo daga gasar waƙa ta ƙasashen Afirka da aka nuna a talabijin. Shi ya wakilci Najeriya, kuma tun zagayen farko aka sallamo shi. Bawan Allah, ya zaci jaje ta zo yi masa.

"Abar ƙaunata, don ke niy yi shi! Alƙalan na ba su gane ba..."

"Su ba su gane ba, ɓarayi za su ganewa!"



Kowane garke da kiransa. Na Malam Jumare, mahaifin Maryama da take kira Baffa, gadon kakanni ne. Da shi shanu ke tasowa ko suna tsakiyar daji, su bi mai kiran duk inda ya nufa. Wata rana da hira ta yi daɗi ta rera wa Kamilu, ba ta ce ya rufe bakinsa ba. Wa ke gaya wa mutum kada ya raba makullin gidan surukai? Shi kuwa ɗan gari ya ji zaƙi, ya buɗe waƙarsa da shi a gaban duniya. Yanzu ga shi a wayar kowane ɗan kabu-kabu.

"Shekaranjiya wani yaro yak kunna waƙar taka bakin mashaya," ta ce. "Shanunmu sunka bar ruwa sunka bi shi. Shi wasa shika yi. Gobe in ba yaro na ba hwa?"

"Innalillahi... Baffa ya sani?"

"Ya sani. Ya ce a tsai da maganar aurenmu."

Faɗuwar gasar ta yi masa ciwo, amma wannan ya fi ta. Washegari ya kama hanyar Kebbe. Tun daga nesa da ruga ya tuɓe takalma, ya zo ya durƙusa gaban dattijon. Maryama ta laɓe bayan bukka.

Malam Jumare ya tambaye shi, ko dubansa bai yi ba.

"Sun ba ka kyautar?"

"A'a, Baffa. Tun farko anka hidda mu."

"To. Ka kai kasuwa abin da ba naka ba, kuma ba a saye ba."

Hawaye suka zubo wa Kamilu. "Ka gahurta min, Baffa. Wallahi ban sani ba! Ka yanka min kowane hukunci, amma kak ka raba ni da ita..."

"Kiran ga ya mutu," in ji dattijon a hankali. "Sai na bi su damana guda, in mantar da su shi, in koya musu wani. Aure kau, ni ban tashin maganata. Na ba ka yarinyar. Amma sabon kiran, har abada ba ta jin shi."

Maryama ba ta san lokacin da ta fito ba. "Baffa! Ni hwa ɗiyarka ta!"

"Shi yas sa. Ban son in koma jin haushinki."

Haka aka yi. Duk daminar, da sassafe Baffa ke kora shanun can nesa, inda muryarsa ba ta isowa ruga. Ita tana tatsa, tana dama fura, ba ta tambaya.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Kamilu ya aiko mota daga Tambuwal, mata suka cika ta da guɗa. A bakin mashaya suka tarar da garken. Ga saniyarta nan a gaba, wadda Baffa ya ba ta tun tana goye.

Maryama ta ɗaga lulluɓi, ta leƙa ta taga, ta rera tsohon kiran da duk muryar da ta rage mata.

Ko ɗaya ba ta ɗago kai ba.

Ta kifa fuska a cinya ta fashe da kuka. Matan suka ce kukan amarya ne, suka ƙara guɗa.